Camry mai matsi 13:1 tana shan fetur na gama-gari, to ina tsohon lissafin makanikai ya tafi?

Akwai wani lissafi da manyan makanikai suka daɗe suna riƙe dashi, kuma a zamaninsa gaskiya ne: in dai kwamfireshan ɗin inji, wato matsinsa, ya haura 10:1, to sai fetur mai babban okten, in ba haka ba kana taka totur a hawa zaka ji inji yana ƙyar-ƙyar-ƙyar. To ga abinda ya rikita lissafin. Ɗauki Toyota Camry mai silinda huɗu wadda ake sayarwa a Amurka, tunda mafi yawan waɗanda ke yawo a titunanmu daga can suka fito. Ta 2007 ɗin nan da ake cewa Muscle, injinta lita 2.4 ne, matsinsa 9.8:1, ƙarfin doki 158. Ta 2012 lita 2.5, matsi 10.4:1, doki 178. Ta 2018 ita ma lita 2.5 ɗin ce amma matsi ya yi tsalle ya koma 13:1, doki 203. Kuma dukkansu ukun fetur iri ɗaya kamfanin yace a zuba musu, wato mafi arha a yawancin gidajen man Amurka, mai lambar okten 87. Da tsohon lissafi za'a bi, da ta 2018 ɗin bata kai Zariya daga Kano ba fistin ya fashe.

Shi matsin nan ba wani abu bane mai wuyar fahimta. Fistin yana sauka ƙasa silinda ta cika da iska, sai ya hau sama ya matse ta a ɗan wurin da ya rage ƙarƙashin top. A injin 2018 ɗin, kowace silinda fistin yana share wajen cc 622, ɗan ramin da ya rage a sama kuma wajen cc 52 ne, ka haɗa su ka samu 674, ka raba da 52, shine 13 ɗin. Shikenan. Dalilin da yasa kamfanoni ke ta kokawar ɗaga lambar shine duk yadda ka ƙara matse cakuɗen iska da mai kafin filogi ya kunna, haka wutar zata samu doguwar hanyar tura fistin kafin a buɗe mata ƙofar salansa, sai zafin da ke zama aiki ya ƙaru, wanda ke tafiya a banza ya ragu. A lissafin takarda, inji mai 8:1 iyakarsa wajen kashi 56 cikin 100, mai 10:1 kashi 60, mai 12:1 kashi 63, mai 14:1 kashi 65. Babu injin mota da ke kaiwa nan a zahiri, Toyota ma da ta kai kashi 40 da wannan injin ai har alfahari tayi. Amma lura da yadda ribar ke ƙanƙancewa, daga 8 zuwa 10 an samu kusan 4, daga 12 zuwa 14 an samu 2 da ɗan wani abu. Don haka wanda zai ce maka doki 45 ɗin da ke tsakanin Muscle da ta 2018 duk daga matsi suka fito ya faɗi son ransa, akwai girman inji, akwai yadda iska ke shiga, akwai bawul, akwai kwamfuta. Babban amfanin matsi a tanki ake ganinsa, wato rage shan mai.

Matsalar ita ce zafi. Duk wanda ya taɓa buga wa keke iska da famfon hannu yasan yadda gindin famfon yake ɗaukar zafi, to haka iskar cikin silinda take, sai dai ita ɗaruruwan digiri take kaiwa. Yadda ake so abin ya tafi shine filogi ya kunna a tsakiya, wuta ta bazu a hankali har ta cinye komai zuwa bango. Amma tana bazuwa tana ƙara matse ragowar cakuɗen da ke can gefe, in wannan ragowar ya kasa jurewa sai ya tashi da kansa gaba ɗaya a lokaci guda kafin wutar ta iso shi, ya daki bangon silinda da kan fistin. Wannan dukan shine ƙarar da ake ji, shi turawa ke cewa nokin, kuma daban yake da abinda muke nufi in muka ce inji ya buga, ko da yake in aka bar na farkon ya daɗe yana iya kai mutum ga na biyun, ring ya karye, gasket ta ƙone, fistin ya narke ta gefe.

Okten kuwa awo ne na haƙurin fetur a ƙarƙashin wannan matsi da zafi, iyakar aikinsa kenan. A ƙarshen shekarun 1920 aka tsara ma'aunin, aka ɗauki sinadari biyu, ɗaya mai taurin kai wajen kamawa da kansa aka bashi 100, shine iso-okten, ɗayan mai saurin kamawa aka bashi 0, shine hepten. Sai a zuba fetur ɗinka a wani injin gwaji mai silinda ɗaya wanda ake iya ɗaga matsinsa yana cikin aiki, a ga inda zai fara ƙara, in yayi daidai da haɗin kashi 91 na farkon da kashi 9 na biyun to lambarsa 91. Ba'a auna ƙarfin da ke cikin man ba ko kaɗan, ba'a auna tsaftarsa ba. Etanol ma lambarsa ta haura 100 amma ƙarfin da ke cikin litarsa bai kai na fetur ba da kusan kashi ɗaya cikin uku. A da dalma ake zubawa don ɗaga lambar, tun da Thomas Midgley ya gano hakan a General Motors a 1921, aka shafe shekaru ana shaƙar guba, sai 2021 Aljeriya ta zama ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da irinsa.

Anan akwai wani tarko da yake kama masu motocin Amurka sosai. Gwajin iri biyu ne. Akwai RON da ake yi injin yana juyi 600 a minti, akwai MON da ake yi a 900 an kuma ɗumama cakuɗen, shi yafi tsanani don haka lambarsa tana fitowa ƙasa da wajen 8 zuwa 10. Turai da Japan da mu nan RON ake faɗa. Amurka da Kanada kuma haɗa biyun suke su raba biyu su manna a jikin famfo. Kenan 87 ɗin Amurka wajen RON 91 ne ko 92, 91 ɗinsu kuma wajen RON 95 ne ko 96. Fetur ɗin da ake sayarwa a Najeriya a ƙa'ida wajen RON 90 zuwa 91 yake, wato ɗan'uwan 87 ɗinsu. Sai mutum ya buɗe murfin tankin Marsandi C300 ɗinsa da ta zo daga Amurka yaga an rubuta 91, ya tuna ance namu ma 91 ne, hankalinsa ya kwanta, alhali motar 95 take nufi a ma'auninmu.

Yanzu mu zo kan yadda akayi 13:1 ta zauna lafiya da ƙaramin okten.

Na farko shine inda ake fesa man. A motocin kafireto da kuma na injekta na da, a hanya ake haɗa mai da iska, a bayan bawul ɗin shiga, da ɗan matsin da bai wuce bar 3 ko 4 ba. A feshin kai-tsaye, wanda zaka ga an rubuta GDI ko FSI ko D-4 a murfin inji, nozul ɗin a cikin silindar kanta bakinsa yake, akwai kuma famfo na biyu a jikin inji wanda kamshaf ke bugawa yana ɗaga matsin man zuwa bar 150, 200, sababbi har 350. In fetur ya taɓa zubar maka a hannu ka san sanyin nan da kake ji yana bushewa, zafin fatarka ya ja ya zama tururi. To a tsohon tsari wannan sanyin bawul da bangon hanyar iska ne ke shanye mafi yawansa, a sabon tsari kuwa iskar da ke cikin silinda ce da kanta take bada zafin, sai ta huce ana gab da matse ta. Iska mai sanyi tafi jure matsi, sannan tafi tsukewa don haka silinda tafi cika. Wannan kaɗai yana bada damar ƙara matsi da wajen lamba ɗaya ko fiye ba tare da an canza fetur ba. Dabarar ba sabuwa bace, Mercedes 300SL ta 1954 da ita ta fito, famfon Bosch ne na ƙarfe zalla babu kwamfuta. Mitsubishi ce ta dawo da ita cikin motocin talakawa a 1996 da Galant, Volkswagen ta biyo da FSI, Ford ta fito da EcoBoost a 2009, Hyundai ta saka a Sonata ta 2011 mai matsi 11.3:1 da doki 198.

Na biyu, kuma a ganina shine wanda mutane suka fi rashin sani, 13:1 ɗin da ke rubuce awon ƙarfe ne, ba lallai inji yana matse iskar har haka a kowane lokaci ba. Matsi na gaske baya farawa sai bawul ɗin shiga ya rufe. In kwamfuta ta jinkirta rufe shi har fistin ya ɗan yi nisa da hawowa, wani kaso na iskar zai koma baya ta inda ya shigo, sai abinda aka matse ya zama kamar na injin 9:1 ko 10:1, amma in wuta ta kama turawar da zata yi wa fistin cikakkiyar 13 ɗin ce. An ci ribar ba'a biya kuɗinta ba kenan, sai dai ƙarfi yana ɗan raguwa a lokacin tunda iskar bata cika ba. Wannan shine tsarin Atkinson da Prius ta daɗe a kansa, da can galibi motocin haibrid ne ke iyawa saboda akwai lantarki da zai cike giɓin, yanzu da ake iya juya kamshaf yadda aka ga dama inji ɗaya yana shiga tsarin ya fita gwargwadon yadda ka taka.

Mazda kuma da tata hanyar ta zo lokacin da ta fitar da Skyactiv-G a 2011 da matsi 14:1, abinda a lokacin ake ganin kamar hauka ne a injin fetur. Sun lura hayaƙi mai zafi da ke saura a silinda bayan an fitar shine ke ɗumama sabuwar iskar, sai suka yi wa inji doguwar hanyar hayaƙi, bututu huɗu su koma biyu su koma ɗaya, don kada hayaƙin wata silinda ya tunkuɗo cikin wata, suka kuma fafe rami a kan fistin. Amma ka ga inda gaskiya take fitowa, motocin da suka kai Turai inda ake da RON 95 su aka bar wa 14:1, na Amurka masu shan 87 aka sauke su zuwa 13:1. Dabara tana sayo maka fili, bata soke dokar ba.

Na uku shine kunnen inji, wato nok-sensa, ɗan abu ne ɗaure a jikin bulok yana sauraron irin girgizar nan. Yana ji sai birenbos, wato kwamfutar motar, ta ja lokacin kunna filogi baya kaɗan, wuta ta makara, matsin da ke kan ragowar cakuɗen ya sauka, ƙarar ta ɗauke tun kunnenka bai ji ba. Shi yasa motar yanzu zaka zuba mata man da bai kai ba tayi shiru abinta. Shirun ba kyauta bane, wutar da ta makara bata tura fistin yadda ya kamata, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, hayaƙi ya ƙara zafi, wani lokacin ma kwamfutar sai ta ƙara fesa mai don kawai ta sanyaya katalis.

To ga turbo, inda lissafin yake juyewa a kife. Zaka ga inji mai turbo matsinsa 9.5 ko 10 ko 10.5, ƙasa da na Camry nesa, amma shine mai kwaɗayin okten. Saboda kafin fistin ya fara nasa matsin turbo ta riga ta cusa iskar da ta kusa ninki biyu, ga ta kuma da ɗumi ko da ta bi ta intakula mai sanyaya ta. Misalin da yafi fito da abin fili shine Mazda CX-9 ta 2016, lita 2.5 mai turbo, matsi 10.5:1. Kamfanin da kansa lamba biyu ya bayar, doki 227 in ka zuba 87, doki 250 in ka zuba 93, inji ɗaya ba'a taɓa ko ƙusa ba. Amma ƙarfin juyi, wato tok, duka biyun Nm 420 ne a juyi 2,000. Shi ƙarfin doki ai tok ne aka ninka da saurin juyin inji, doki ɗaya wajen wat 746, don haka babbar lambar da ake bugawa a talla can sama take zaune kusa da jan layin agogon juyin inji. Bambancin doki 23 ɗin nan sai allura ta haura 4,000 yake bayyana. Mai kai yara makaranta a cunkoson Kano da wuya ya taɓa haɗuwa dasu, mai wuce tirela a hanyar Kaduna zuwa Abuja shi zai ji. Nissan ma gajiya tayi da zaɓe tsakanin babban matsi da ƙarami, ta ƙera VC-Turbo da ya fito a Infiniti QX50 ta 2019, akwai wasu hannuwa a ƙasan inji da ke ɗaga iyakar hawan fistin ko su sauke, daga 8:1 in an taka zuwa 14:1 in ana tafiya a hankali. Dabara ce mai kyau a takarda, ni dai ba zan so ace ni ke da ita ranar da za'a buɗe ta a garejin unguwa ba.

A motar da bata da turbo bambancin ƙarami ne ƙwarai. Lexus ES350 da ta cika gari, daga 2007 zuwa 2010 babban okten aka ce a bata, doki 272, daga 2011 aka mayar da ita mai shan 87 aka rubuta 268. Doki huɗu. In kuma tun asali motar don 87 aka tsara ta, to babu abinda babban okten zai ƙara mata tunda kwamfutar ta riga ta kai lokacin kunnawa inda take so. Ƙungiyar masu motoci ta AAA ta gwada wannan a 2016, tace Amurkawa sun ƙona wajen dala biliyan 2.1 a shekara ɗaya wajen sayen babban okten wa motocin da basa buƙata.

Mu tamu matsalar akasin tasu ce, su zaɓi yayi musu yawa, mu kuma kusan kowane gidan mai fetur iri ɗaya ne a ƙasa, ko Keke Napep ce ko BMW layi ɗaya famfo ɗaya. Ga zafi, a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ana haura digiri 40 a inuwa, iskar da inji ke shaƙa a gosulo da esi a kunne tafi haka nesa, kuma iska mai zafi ita ce abokiyar nokin ta farko. Wanda ke Jos ya ɗan samu sauƙi, tsayin wajen mita 1,200 yana sa iska tayi shara-shara, dalilin da yasa a jihar Kolorado ta Amurka har 85 ake sayarwa, amma mai turbo bashi da wannan rangwamen sosai tunda turbo zata cike abinda ya ragu. Ga kuma man galan na 'yan bumburutu, in aka samu wanda ya surka da kalanzir to okten ya faɗi ƙasa warwas, don shi kalanzir da man gas saurin kamawa da kansu shine halinsu. Har yanzu mutane basu manta da watan Fabrairun 2022 ba lokacin da aka shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima daga Beljiyam motoci suka dinga mutuwa a hanya, abin mamakin shine metanol okten ɗinsa ya haura 100, wanda ya isa ya nuna maka babbar lamba da nagartar mai hanyarsu daban. Su kuma 'yan kwalaben ƙarin okten da ake sayarwa a shagon kayan mota, a duba da kyau, a lissafin masu yinsu maki 10 ne lamba ɗaya, wanda yace zai ƙara maki 5 daga 91 zuwa 91.5 yake nufi.

Akwai wani ciwo kuma da ya zo tare da ƙananan injinan turbo masu feshin kai-tsaye, wanda nok-sensa bata iya komai a kansa. Inji yana ƙasa-ƙasa a juyi 1,500 ko 2,000 cikin babbar giya sai ka danne totur, wani ɗigon baƙin mai da ya cakuɗu da fetur ko ɓarɓashin gawayi ya kama wuta tun filogi bai kunna ba, fistin yana hawowa wuta na danno shi. Jan lokacin filogi baya bashi da amfani anan tunda ba filogin ne ya kunna ba, kuma bugu ɗaya yana iya fasa gefen fistin. Da aka bincika sai aka ga sinadaran da ke cikin baƙin man suna da hannu, musamman masu kalsiyam da yawa, shi yasa aka fito da ma'aunin baƙin mai na API SN Plus a 2018 sannan SP a 2020. Wannan ne ma yafi damuna fiye da maganar okten ɗin, don har gobe zaka kai Accord ta 2018 mai lita 1.5 juye a ɗauko mata 20W-50 irin wanda ake zubawa Golf 3, ace wai ƙasarmu zafi gareta sai mai kauri. In motarka ta hannu ce kuma, sauke giya kafin ka taka a hawa, ƙarar inji a juyi 3,000 bata cutar dashi kamar yadda jan sa a ƙasa yake yi.

Sai gawayin bawul. A tsohon tsari fetur yana wanke bayan bawul ɗin shiga duk sanda aka fesa, a feshin kai-tsaye babu abinda ke bi ta nan sai iska da tururin baƙin mai, sai ya dinga daskarewa har hanya ta tsuke, mota ta fara rawa da safe tana misfaya, a canza filogi a canza kwayil abu yaƙi. Lexus IS250 mai matsi 12:1 ta yi suna da wannan, yayarta IS350 kuwa da sauƙi saboda Toyota ta saka mata nozul biyu a kowace silinda, ɗaya a ciki ɗaya a hanya, tsarin da suke kira D-4S, kuma shi ne a Camry ta 2018 ɗin, Ford ma ta koma hakan a EcoBoost 3.5 na 2017. Maganin wanke injekta da ake zubawa a tanki ba zai taɓa wannan gawayin ba tunda man baya ratsawa ta wurin, sai dai a cire manifol a kankare, a ƙasashen waje da garin ɓawon gyaɗar walnat ake feshe shi da iska mai ƙarfi saboda yana cire gawayin baya cin ƙarfe.